Murar aladu ta 2009: Yadda Meziko ta faɗa wa duniya gaskiya aka rufe mata ƙofa

Da misalin ƙarfe 11 na daren Alhamis, 23 ga watan Afrilun 2009, ministan lafiya na ƙasar Meziko, José Ángel Córdova, ya fito a talabijin ya sanar da cewa washegari ba za a buɗe makarantu ba a babban birnin ƙasar da jihar da ke kewaye da shi, tun daga na renon yara har zuwa jami'o'i.

'Yan sa'o'i kafin nan ne sakamakon gwaji ya iso daga ɗakin binciken gwamnatin Kanada da ke birnin Winnipeg. Sakamakon ya nuna cewa ciwon huhun da ke kwantar da matasa majiya ƙarfi a asibitocin Meziko, har yana kashe wasu, wata sabuwar ƙwayar cutar mura ce ke haddasa shi.

Gwamnatin Shugaba Felipe Calderón ba ta rufe maganar ba. Ta sanar da jama'arta, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta kuma ci gaba da aika samfurin cutar zuwa ɗakunan bincike na ƙasashen waje.

Kafin a cika kwana goma, ƙasashe da dama sun dakatar da jiragen da ke zuwa Meziko. An killace 'yan ƙasar masu ƙoshin lafiya a otal-otal na ƙasar Sin, an hana sayen naman aladenta, har wani babban jami'i a Isra'ila ya nemi a laƙaba wa cutar sunan ƙasar.

Abin da ya faru a waɗannan makonni ya bar tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: idan ƙasar da ta fara faɗin gaskiya ita ce ke shan ukuba, me zai sa wadda cuta ta ɓulla a cikinta nan gaba ta yi magana da wuri?

Yadda cutar ta ɓulla

Tun a watan Maris aka fara ganin alamu. A ƙauyen La Gloria da ke jihar Veracruz, mutane da yawa sun kwanta da zazzaɓi da tari a lokaci guda. A tsakiyar Afrilu kuma wata mata mai shekara 39 ta rasu a jihar Oaxaca bayan ciwon huhu mai tsanani.

Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne lokacin murar shekara-shekara ya kusa wucewa, amma masu kwanciya sai ƙaruwa suke yi. Sannan murar da aka saba da ita tsofaffi da jarirai ta fi illatawa, wannan kuwa samari da magidanta take kayarwa.

Ɗakunan gwajin Meziko ba su da kayan da za su gane sabuwar ƙwayar, shi ya sa aka tura samfur Kanada da Amurka. A daidai lokacin, ranar 21 ga Afrilu, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wasu yara biyu a kudancin jihar Kalifoniya da suka kamu da wata baƙuwar mura. Da aka gwada sakamakon ɓangarorin biyu, sai aka ga ƙwaya ɗaya ce.

Masana sun gano cewa ƙwayar gauraye ce. A cikinta akwai ɓangarorin murar aladu, da ta tsuntsaye, da ta mutane. Daga nan sunan murar aladu ya samo asali, ko da yake daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa.

Birni ya tsaya cik

Birnin Meziko da kewayensa na da mutum kusan miliyan 20, kuma yana cikin birane mafiya cunkoso a duniya. A ƙarshen makon nan sai ya koma tamkar an yi shara.

Sojoji suka fito tituna da tashoshin jirgin ƙasa suna rabon takunkumin rufe baki da hanci. Aka rufe gidajen sinima da gidajen tarihi. Aka buga wasannin ƙwallon ƙafa ba 'yan kallo. Coci-coci, a ƙasar da mafi yawan jama'arta mabiya ɗariƙar Katolika ne, suka soke ibadar Lahadi. Daga baya aka umarci gidajen abinci su riƙa sayarwa a tafi da shi gida kawai.

Ranar 25 ga Afrilu Shugaba Calderón ya sa hannu kan dokar da ta ba ma'aikatar lafiya ikon killace marasa lafiya da hana taruka. Aka faɗaɗa rufe makarantu zuwa faɗin ƙasar. Daga 1 zuwa 5 ga Mayu kuma aka dakatar da duk ayyukan gwamnati da na kamfanoni in ban da na dole, shugaban ya roƙi jama'a su zauna a gida.

A kwanakin farko alƙaluman sun tayar da hankali. Hukumomi sun riƙa maganar mutum kusan 150 da ake zargin cutar ce ta kashe su. Da aka samu kayan gwaji aka tantance, waɗanda aka tabbatar a lokacin ba su kai ko kusa da haka ba. Sai dai labarin farko ya riga ya zagaya duniya, kuma a kansa gwamnatoci suka ɗauki matakansu.

WHO ta ce kada a rufe iyaka

Lokacin da cutar ta ɓulla, duniya na da sabuwar doka a hannu. Bayan annobar SARS ta 2003, wadda hukumomin Sin suka ɓoye girmanta na tsawon watanni har ta kai ga an sauke ministan lafiya da magajin garin Beijin, ƙasashe sun sake rubuta Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005. Dokokin sun fara aiki a watan Yunin 2007.

Ciniki ne mai fuska biyu. Ƙasar da ta ga baƙuwar cuta mai haɗari za ta sanar da WHO cikin sa'a 24 bayan ta tantance lamarin. Su kuma sauran ƙasashe ba za su takura zirga-zirga da kasuwanci fiye da kima ba, kuma wadda ta ɗauki tsattsauran mataki dole ta gabatar da hujjarta ta kimiyya.

Murar 2009 ce gwajin farko na wannan alƙawari. Ranar 25 ga Afrilu shugabar WHO, Dakta Margaret Chan, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a matakin duniya, karon farko a ƙarƙashin sabbin dokokin. Ranar 27 ga wata ta ɗaga matakin gargaɗi zuwa na huɗu, ranar 29 kuma zuwa na biyar.

Matsayin hukumar shi ne: cutar ta riga ta bazu, ba za a iya tsare ta a wuri guda ba, don haka kada a rufe iyakoki, kada a hana tafiye-tafiye.

Amurka, wadda ke da iyakar ƙasa ta sama da kilomita 3,000 da Meziko, ta bi wannan shawara duk da kiraye-kirayen wasu 'yan majalisa. Shugaba Barack Obama ya ce masana sun shaida masa cewa rufe iyaka a lokacin tamkar rufe barga ne bayan dawakai sun fice, wato abin da Bahaushe ke kira ihu bayan hari.

A Turai, ministar lafiyar Faransa, Roselyne Bachelot, ta nemi Tarayyar Turai ta dakatar da jirage zuwa Meziko, amma takwarorinta suka ƙi amincewa a taron da suka yi ranar 30 ga Afrilu.

Maƙwabta na kusa ne suka fi ba Meziko mamaki. Kuba da Ajantina da Peru da Ekwado duk sun dakatar da jirage. Tsohon shugaban Kuba, Fidel Castro, ya zargi hukumomin Meziko da yin shiru kan cutar don kada a fasa ziyarar da Obama ya kai ƙasar a tsakiyar Afrilu, zargin da gwamnatin Calderón ta musanta.

Lamarin har ya shiga filin ƙwallo. A gasar Copa Libertadores ta zakarun nahiyar, ƙungiyar São Paulo ta Brazil da Nacional ta Uruguay sun ƙi zuwa Meziko su kara da Chivas da San Luis. A ƙarshe ƙungiyoyin Meziko biyun ficewa suka yi daga gasar.

Tsamin dangantaka da Sin

Rikici mafi zafi shi ne wanda ya ɓarke tsakanin Meziko da Sin.

Ranar 30 ga Afrilu wani matashi ɗan Meziko mai shekara 25 ya sauka a birnin Shanghai a jirgin kamfanin Aeroméxico, ya wuce Hong Kong, ya kama ɗaki a otal ɗin Metropark da ke unguwar Wan Chai. Washegari aka tabbatar yana ɗauke da cutar. Hukumomin Hong Kong suka rufe otal ɗin baki ɗaya, da baƙi da ma'aikata kusan 300 a ciki, na tsawon kwana bakwai.

Hong Kong na da dalilinta. SARS ta kashe mata mutum 299 a 2003, kuma daga wani otal ne cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ita kanta Margaret Chan, a lokacin SARS ita ce daraktar lafiya ta Hong Kong, kuma ita ce ta ba da umarnin kashe kaji sama da miliyan ɗaya a 1997 lokacin da murar tsuntsaye ta fara kama mutane a can.

A babban yankin Sin kuwa, hukumomi sun dakatar da jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Meziko, suka killace 'yan ƙasar kusan 70. Cikinsu har da waɗanda ba su hau jirgin da mai cutar ya hau ba, kuma ba su nuna wata alamar rashin lafiya ba. Jakadan Meziko a Beijin, Jorge Guajardo, ya koka cewa fasfonsu kaɗai aka duba, kuma shi kansa an hana shi ganin wasu daga cikinsu a otal ɗin da aka tsare su.

Ministar harkokin wajen Meziko, Patricia Espinosa, ta kira matakin wariya marar tushe, ta shawarci 'yan ƙasarta su guji zuwa Sin. Beijin ta mayar da martani cewa batun lafiya ne zalla, ba a nufi wata ƙasa da shi ba.

Abin mamaki, a daidai kwanakin ne jirgin agajin Sin ya sauka a Meziko ɗauke da takunkumai da safar hannu da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, cikin tallafin dala miliyan 5, kuma Shugaba Calderón da kansa ya je filin jirgi ya karɓa.

An kashe wutar ne ta hanyar musayar jirage. Meziko ta yi shatar jirgi ya bi biranen Sin ya kwaso mutanenta, uwargidan shugaban ƙasa, Margarita Zavala, ta tarbe su ranar 6 ga Mayu. Ita ma Sin ta aika nata jirgin ya ɗebo 'yan ƙasarta da suka maƙale a Meziko. Sin ba ta sassauta tsarinta ba. A watan Yuni har magajin garin New Orleans na Amurka, Ray Nagin, sai da aka killace a Shanghai.

Rigima kan suna

Sunan cutar ma ya zama batun diflomasiyya. Ranar 27 ga Afrilu mataimakin ministan lafiya na Isra'ila, Yaakov Litzman, ya ce ambaton alade abin ƙyama ne ga Yahudawa da Musulmi, don haka a riƙa kiranta murar Meziko. Jakadan Meziko a Isra'ila ya shigar da ƙorafi nan take, gwamnatin Isra'ila ta janye daga maganar.

Meziko ta san abin da take gudu. Annobar murar 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, har yau murar Sifaniya ake ce mata, alhali ba a can ta faro ba. Sifaniya ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, jaridunta na da 'yancin buga labarin cutar a lokacin da ƙasashen da ke yaƙi suka toshe bakin nasu jaridun. Wadda ta yi magana ita sunan ya bi.

A ɗaya ɓangaren kuma, masu kiwon alade a Amurka da Kanada da Brazil sun koka cewa sunan murar aladu na kashe musu kasuwa. Ƙasashe kusan 20, ciki har da Sin da Rasha, sun hana shigo da aladu ko namansu daga wuraren da cutar ta ɓulla. Hukumomin lafiya da abinci da lafiyar dabbobi da kasuwanci na duniya sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa ba a ɗaukar cutar ta hanyar cin dafaffen nama, amma wasu takunkuman sun ɗauki watanni kafin a ɗage su.

Ranar 30 ga Afrilu WHO ta sanar cewa daga ranar za ta riƙa kiran cutar H1N1. Shekara shida bayan haka, a 2015, ta fitar da ƙa'idar cewa kada a sake sanya wa sabuwar cuta sunan ƙasa, ko gari, ko mutum, ko dabba.

Aladun Masar

Babu inda sunan ya yi ɓarna kamar a Masar. Ranar 29 ga Afrilu, a lokacin da ko mutum ɗaya bai kamu da cutar a ƙasar ba, gwamnatin Shugaba Hosni Mubarak ta ba da umarnin yanka duk aladun ƙasar, kimanin 300,000.

Mafi yawan aladun mallakin masu kwasar shara ne na birnin Alƙahira, waɗanda ake kira Zabbalin, kuma galibinsu Kiristoci Kibɗawa ne da ke zaune a unguwanni irin su Manshiyat Nasir. Sana'arsu ita ce su bi gida-gida su kwaso shara, su ware robobi da ƙarafa su sayar, ragowar abinci kuma su ba aladu.

Babban likitan dabbobi na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Joseph Domenech, ya ce matakin kuskure ne. An yi arangama tsakanin masu aladun da 'yan sanda a farkon Mayu. Daga baya hukumomin Masar suka ce batun tsaftar muhalli ne gaba ɗaya, musamman ganin ƙasar na fama da murar tsuntsaye a lokacin.

Cutar dai ta shiga Masar a farkon watan Yuni, ta filin jirgin saman Alƙahira, a jikin wata yarinya da ta taso daga Amurka. Bayan 'yan watanni kuma bola ta fara taruwa a titunan birnin, saboda masu kwasar sun daina ɗaukar ragowar abincin da ba su da abin ba wa.

Fargabar aikin Hajji

Ranar 11 ga Yuni Margaret Chan ta ɗaga gargaɗin zuwa mataki na shida, na ƙarshe. Cutar ta shiga ƙasashe 74, an tabbatar da mutum kusan 30,000 sun kamu. Wannan ce annobar mura ta farko da ta game duniya tun 1968.

Daga nan hankalin ƙasashen Musulmi ya koma kan aikin Hajji, wanda ya faɗo a ƙarshen Nuwamba, lokacin da mura ke ƙaruwa a arewacin duniya. Mutum sama da miliyan biyu daga kowace kusurwa za su haɗu a Mina da Arfa, kafaɗa da kafaɗa, sannan kowa ya koma ƙasarsa.

Saudiyya ta gayyaci masana daga WHO da CDC zuwa Jidda a ƙarshen Yuni. A watan Yuli ministocin lafiya na ƙasashen yankin suka yi taro a Alƙahira, suka amince cewa waɗanda suka haura shekara 65, da yara 'yan ƙasa da shekara 12, da masu cututtuka na dindindin su haƙura da Hajjin shekarar.

Kowace ƙasa ta bi tata hanya. Iran ta dakatar da Umrar watan Ramadan. Tunisiya ta soke zuwan alhazanta baki ɗaya, ta ce rigakafin ba zai iso kan lokaci ba.

Saudiyya ba ta hana kowace ƙasa zuwa ba. Ta girka na'urorin auna zafin jiki a filayen jirage, ta ware wuraren killace masu zazzaɓi, ta tanadi magani. Kafin hawan Arfa ta sanar da rasuwar alhazai huɗu sakamakon cutar, cikinsu akwai wata 'yar Najeriya mai shekara 17. Bayan kammala aikin, ministan lafiya Abdullah al-Rabi'a ya ce alhazai 73 aka tabbatar sun kamu, biyar suka rasu. Ɓarkewar da ake tsoro ba ta auku ba, duk da cewa ƙofa a buɗe take.

Wa ya samu rigakafi?

Allurar rigakafin mura a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayarta, kuma aikin na cin wata biyar zuwa shida. Masana'antun kaɗan ne, mafi yawansu a Turai da Arewacin Amurka. Tun kafin a fara haɗa allurar, ƙasashe masu arziki sun riga sun kama kusan duk abin da za a fitar da farko, wasu ta hanyar kwangilolin da suka ƙulla shekaru kafin annobar.

Faransa, mai mutum kusan miliyan 65, ta yi odar allurai miliyan 94, bisa zaton kowa zai buƙaci biyu. Sin da Ostareliya sun fara yi wa jama'arsu a Satumba, Amurka a farkon Oktoba. Meziko, wadda ta fara kaɗa ƙararrawa, sai a watan Nuwamba kason farko ya iso mata.

A watan Satumba Shugaba Obama ya yi alƙawarin ba WHO kashi 10 cikin 100 na allurar Amurka domin ƙasashe matalauta, wasu ƙasashe takwas suka bi sahu. Amma da aka samu jinkiri a masana'antu, sai Washington ta ce sai ta fara yi wa 'yan ƙasarta da ke cikin haɗari tukuna.

Sai a watan Janairun 2010 kason farko na gudummawar ya fara isa ƙasashe mabuƙata. A watan ne kuma Faransa ta soke odar allurai miliyan 50 saboda sun yi mata yawa. A ƙarshe WHO ta raba allurai kusan miliyan 78 ga ƙasashe 77, da yawansu bayan cutar ta riga ta lafa.

Wannan ya gaskata ƙorafin da Indunusiya ta yi tun a 2007. A lokacin ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta dakatar da ba WHO samfurin murar tsuntsaye. Hujjarta ita ce ƙasashe matalauta na ba da samfur kyauta, kamfanoni su haɗa rigakafi da shi, sannan su sayar da tsadar da masu samfurin ba za su iya saya ba.

Lissafin ƙarshe

Ranar 10 ga Agustan 2010 WHO ta sanar da ƙarshen annobar. Mutanen da aka tabbatar ta hanyar gwaji cewa cutar ta kashe sun kai kimanin 18,500, adadin da ya sa wasu 'yan majalisa a Turai suka zargi hukumar da zuzuta lamarin don amfanin kamfanonin magunguna.

Kwamitin bincike da masanin Amurka Harvey Fineberg ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011. Bai samu shaidar cewa kamfanoni sun juya WHO ba, amma ya soke ta kan ɓoye sunayen mashawartanta. Ya kuma ce babban raunin dokokin 2005 shi ne ba su tanadi hukunci ga ƙasar da ta karya su ba.

Wani nazari da masanan CDC suka jagoranta a 2012 ya ƙiyasta cewa ainihin waɗanda suka mutu a shekarar farko sun kai tsakanin 151,700 da 575,400. Kusan rabinsu a Afirka da Kudu maso Gabashin Asiya suke, inda kayan gwaji suka yi ƙaranci kuma rigakafi ya makara. Mafi yawan mamatan ba su kai shekara 65 ba.

Ita kuwa Meziko, wadda rikicin kuɗi na duniya ya riga ya jigata, wani nazari ya ƙiyasta ta yi asarar baƙi kusan miliyan ɗaya da kimanin dala biliyan 2.8 a harkar yawon buɗe ido. Abin da ta samu shi ne yabo. A taron ministocin lafiya da aka yi a birnin Cancún a watan Yulin 2009, Margaret Chan ta ce Meziko ta ba duniya gargaɗi da wuri, ta kuma zama abin koyi wajen ba da rahoto ba tare da rufa-rufa ba.

Me ya canza?

Masu kiwon kaji a arewacin Najeriya sun san wannan lissafi a ƙaramin mataki. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka, kafin ƙarshen watan kuma ta ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Diyyar farko da gwamnatin Najeriya ta sanar ita ce naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, ƙasa da kuɗinta a kasuwa. Mai gonar da ya san za a kashe masa kaji a biya shi abin da bai kai ba, yana da dalilin yin shiru ya kai su kasuwa. Sai da aka gyara tsarin diyyar daga baya da tallafin Bankin Duniya.

A matakin ƙasashe ma an yi gyare-gyare. A 2011 aka amince da wani tsari kan annobar mura, wanda ya ɗora wa kamfanonin da ke amfani da samfurin WHO biyan gudummawar dala miliyan 28 a shekara, tare da ware wani kaso na rigakafinsu ga hukumar idan annoba ta zo.

Sai dai halin gwamnatoci bai sauya sosai ba. A watan Nuwamban 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da gano nau'in korona na Omicron. Cikin 'yan kwanaki ƙasashe da dama suka hana jirage daga kudancin Afirka. A farkon Disamba Birtaniya ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga, Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Najeriya, alhali nau'in ya riga ya bazu a Turai. Birtaniya ta soke jerin ranar 15 ga Disamba, bayan ta amince cewa bai hana komai ba.

A watan Mayun 2025 ƙasashen WHO suka amince da sabuwar yarjejeniya kan annoba. Ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su yi ƙoƙarin ware kashi 20 cikin 100 na rigakafi da magunguna ga hukumar, aƙalla rabin wannan kaso kyauta. Amma an bar ɓangaren da ya fi wuya, wato ƙa'idojin musayar samfur da rabon amfani, zuwa wata tattaunawa ta daban, kuma sai ƙasashe 60 sun rattaba hannu a majalisunsu kafin ta fara aiki. Amurka ba ta ciki, domin tun a watan Janairun shekarar Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin ficewar ƙasar daga WHO.

A halin da ake ciki, murar tsuntsaye nau'in H5N1 na ci gaba da yawo. A watan Maris na 2024 aka gano ta a shanun madara a Amurka, ta kama ma'aikatan gona da dama, kuma a Janairun 2025 ta kashe mutum na farko a ƙasar, a jihar Louisiana. Ba ta kai ga yaɗuwa cikin sauƙi tsakanin mutane ba. Idan ta kai, ko wata irinta ta kai, labarin farko zai fito ne daga bakin ministan lafiya na ƙasar da ta fara gani, kuma shi ma ya san abin da ya samu Meziko a 2009 da Afirka ta Kudu a 2021.